Yadda Za Ki Ɗinka Siket a Gida da Fatan na Mujalla

Tun ranar da na sa koren siket ɗin nan zuwa wani suna a Tudun Wada mata ke tare ni da tambayar wane tela ne ya ɗinka. In na ce ni na ɗinka a tsakar gida da tsohon keken Inna, kuma daga takardar da ke cikin mujalla na fitar da yankan, sai wata tambayar ta biyo baya: to ita wannan takarda mai layuka kamar kaji sun taka tawada sun bi ta kai, ta ina ake kama ta? Na yi wa mutum uku bayani, na yi wa biyar, har na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya.

Mujallar da nake aiki da ita Burda ce, ta ƙasar Jamus, wata 'yar'uwata ta zo mini da ita. Yawancin mujallun ɗinki na Turai tsarinsu kusan ɗaya ne da nata. Abin da nake so ki riƙe tun yanzu shi ne, wanda ya zana fatan ɗin, wato zanen takardar da ake ɗorawa a kan yadi a fitar da yanka, bai san jikinki ba, bai san atamfa ba, bai kuma san cewa siket ɗinmu sai ya taɓa idon sawu ba. Rabin aikin duk a kan takarda yake ƙarewa, kafin almakashi ya kusanci yadi. A karon farko ki zaɓi siket mai sauƙi, wanda ya kama ƙugu ya buɗe a hankali zuwa ƙasa: gaba fale ɗaya, baya fale biyu, zif a baya. Mai fale shida ko takwas ki bar shi sai hannu ya faɗa. Kuma kada ki fara koyo ana saura kwana uku Sallah, ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Kayan aiki da abin da za su ci

Atamfa yadi biyu da rabi ta isa dogon siket ga mace matsakaiciya. In kina da jiki, ko zanen atamfar manya ne da sai an daidaita su, ki ware yadi uku. Turmi yadi shida ne, kin ga ragowar ta isa riga da ɗankwali. Sai shafi yadi biyu, zif mai inci 8 ko 9, zare biyu masu launin da ya fi yawa a jikin atamfar, gam rubu'in yadi na ƙarfafa ƙugu, da ƙugiyar siket guda. Duk ana samunsu wajen masu kayan teloli a Babbar Kasuwar Gusau ko ta Tudun Wada. Ki tafi da ƙyallen atamfar a jaka, domin launin da ido ya riƙe daga gida ba shi ne za ki gani a rumfa ba.

Nauyin kuɗin yana kan atamfa, shafi na bi mata. Zif da zare da gam da ƙugiya in an haɗa ba su kai kuɗin yadi ɗaya na atamfa mai kyau ba, saboda haka kada ki yi musu rowa. Zif mai araha shi ne ke buɗe baki a tsakiyar taron biki, araha kuwa ba ta ado. Ki ja shi sama da ƙasa sau uku a gaban mai rumfa. Akwai wanda haƙoransa ke ɓoyewa a cikin ɗinki, yana da kyau, amma yana son ƙafar keke tasa ta daban. Ki fara da na gargajiya.

Abubuwan da ake saye sau ɗaya su daɗe: tef mai inci a fuska ɗaya santimita a ɗayar, almakashin da ba ya yanka komai sai yadi, wani daban na takarda, fil, allurar hannu, alli, doguwar rula, reza, da dutsen guga. Almakashin yadi ki ɓoye shi inda yara ba sa kaiwa. Nawa na farko a kwalin makaranta ya mutu. In alli ya ƙare, siririn guntun sabulun wanka da ya bushe ya fi shi fitar da layi a kan yadi mai duhu.

2. Awo da zaɓen lamba

Ki auna a kan kaya marasa kauri, ba a kan zane mai ninki biyu ba, kuma ki sa wata ta riƙe miki tef. Ki ɗaura siririn ƙyalle a inda kike so siket ya zauna, nan ne ƙugu. Sai hif, wato wurin da ya fi faɗi a mazaunai, wanda yawanci yake wajen inci 8 ƙasa da ƙugu. Sai tsawo daga ƙyallen nan zuwa idon sawu. Tef ya kwanta a jiki, kada ya nutse, kuma kada ki shanye ciki. Ba hoto ake ɗauka ba, da wannan cikin za ki ci tuwo a cikin siket ɗin.

A nan ruɗanin farko yake. Telolinmu da inci suke aiki, mujallar kuwa da santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Kada ki tsaya lissafi a ka, ki juya tef ki auna da fuskar santimita kawai, ki rubuta. A jadawalin Burda lamba 38 ƙugu 70 ce hif 94, lamba 40 ƙugu 74 hif 98, lamba 42 ƙugu 78 hif 102, lamba 44 ƙugu 82 hif 106, kuma an zana su ne don mace mai tsawon santimita 168. Waɗannan lambobi ba su da dangantaka da lambar da ke wuyan rigar gwanjo. Wata mujallar jadawalinta daban ne, na cikin wadda ke hannunki za ki bi.

Da hif ake zaɓen lambar siket, ba da ƙugu ba. Ƙugu ana rage shi cikin sauƙi, amma hif da ya matse ba shi da magani. Mu da yawa ƙugunmu yana lamba 40 hif yana 44, wannan ba aibu ba ne, za mu haɗa su a mataki na huɗu. In awonki ya faɗa tsakanin lambobi biyu, ki ɗauki babbar.

3. Fitar da fatan daga babbar takarda

Kada ki yanka takardar mujalla. Gaba da bayanta duk bugu ne, kayan mutum ashirin ne a kwance a kan juna, in kin yanke siket ɗinki kin kashe sauran.

Ki buɗe shafin bayanin siket ɗin da kika zaɓa. Zai gaya miki abu uku: takardar da yake ciki, A ce ko B ko C, launin layinsa, ja ko shuɗi ko kore ko baƙi, da lambobin ɓangarorinsa. Ki shimfiɗa takardar a ƙasa, ki duba gefenta, za ki ga lambobi a jere da launuka. Ki nemo lambar ɓangarenki da launinsa, ki ɗora yatsa ki miƙe zuwa cikin takardar, za ki ci karo da lambar nan babba a jikin layin da kike nema. Kowace lambar jiki da irin layinta, wata ɗigo-ɗigo, wata gajerun sanduna, wata miƙaƙƙe. Kafin ki kwafa, ki bi layinki da yatsa ki zagaye shi har ki dawo inda kika faro. Da rana ake wannan aiki, a inuwa mai haske. Na taɓa yi da fitilar waya, kore da shuɗi suka zame mini abu ɗaya, na wayi gari da rabin siket rabin hannun riga.

Abin kwafa kuwa, in kin sami takarda mai shara-shara a kantin littattafai, madalla. In babu, farar leda mai kauri da ake gani ta cikinta tana yi, da maka mai siririn baki. Ki danne kusurwoyi da kofuna ko duwatsu masu tsabta don kada ta goce. Hanya ta uku ita ce ki sa takardar teloli mai ruwan ƙasa a ƙasa, kabon a kai, takardar mujalla a sama, ki bi layi da biron da tawadarsa ta ƙare.

Ba zagayen kaɗai ake kwafa ba. Ki ɗauki dat, wato 'yan tsinin nan masu kama da mashi da ke sauka daga ƙugu. Ki ɗauki doguwar kibiyar da ke nuna yadda zaren yadi zai tafi, da 'yan gajerun alamomin gefe da ke nuna inda gaba zai haɗu da baya, da inda zif zai tsaya, da gefen da aka ce a ɗora a kan ninki. Ki rubuta a jikin kowane: gaba, baya, lamba kaza. Maɗaurin ƙugu, wanda teloli ke kira ban, sau da yawa ba ya cikin takardar, awonsa kawai ake bayarwa. Namu za mu yanka da kanmu.

In fatan ɗinki daga intanet kika sauke za ki buga a shagon kwamfuta, ki ce a buga a girmansa na asali, kada a matse shi ya cika takarda. Akwai ɗan murabba'in gwaji a shafin farko, ki auna shi da tef kafin ki biya kuɗin sauran shafukan.

4. Mayar da fatan ya zama naki

In lambobi biyu kike haɗawa, ki kwafi layin ƙaramar a ƙugu, layin babbar a hif, ki haɗa su da layi mai lanƙwasa a hankali, ba mai gwiwa ba. Yadda kika yi wa gaba haka za ki yi wa baya.

Sai tsawo. Siket ɗin mujalla galibi a gwiwa yake tsayawa ko ƙasa kaɗan. Ki liƙa ƙarin takarda a ƙasa, ki ɗora rula a kan layin gefe daga hif, ki zarce da shi yadda ya nufa. Daga nan ki auna tsawonki daga ƙugu a wuri huɗu ko biyar, tsakiya da gefe da tsakaninsu, ki sa ɗigo, ki haɗa ɗigogin. Za ki ga bakin ya ɗan lanƙwasa sama ta gefe, haka ake so. In kika ja shi a miƙe, gefen siket zai riƙa sharar ƙasa gabansa yana rataye.

Hattara da siket miƙaƙƙe. Wanda aka zana ya tsaya a gwiwa, in kika ja shi har idon sawu ba ki buɗe ƙasansa ba, kin ɗinka wa kanki mari. Ba ki iya tsallake kwata, balle hawa Keke Napep ko kabu-kabu. Su can tsaga suke yi masa a baya, mu kuwa ba kowa ke son tsaga ba. Ni dokata, zagayen bakin dogon siket ba ya gaza inci 60. In bai kai ba, ina ƙara buɗin daga hif zuwa ƙasa, daidai wa daida a gefuna huɗun.

Kafin ki tashi daga kan takarda, ki auna ta. Faɗin gaba a layin hif sau biyu, haɗe da faɗin baya sau biyu, ya kamata ya ɗara awon jikinki da inci ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan rarar ita ce wurin zama da numfashi. In babu ita, ki ƙara yanzu. Ki kuma gwada gefen gaba a kan gefen baya ki ga tsawonsu ya zo ɗaya.

5. Wanki da guga

Atamfa auduga ce, tana ɗan shiga in ta sha ruwa, kuma sitacin da ke jikinta yana ɓoye ainihin laushinta. Ki ɗaye takardar kamfani, in ta ƙi ki ɗora mata dutsen guga mai ɗumi ta baya. Ki jiƙa a ruwan sanyi, ki ɗauraye, ki shanya a inuwa, ki goge. A nan za ki san ko tana zuba. Shafin ma ki wanke shi. Shadda ba ta cikin wannan magana, wanki yana kashe mata ƙyallin bugu, shi ya sa ba na ba mai koyo shawarar farawa da ita.

6. Shimfiɗa, alawus da yanka

Wannan mataki shi ya fi cin mutane, ni ma ya ci ni.

Fatan ɗin mujallar Burda ba shi da alawus, wato rarar yadin da ake bari a wajen layin ɗinki. Layin da kika kwafa layin da allura za ta bi ne, ba wanda almakashi zai bi ba. Ni ban sani ba, na ɗora takarda a kan sabuwar atamfa na bi gefenta da almakashi tsaf, ina jin daɗin yadda hannuna bai karkace ba. Da na haɗa, siket ya tsaya a cinya ya ƙi wucewa. Gwaggona tana zaune a kan tabarma tana tsinke zogale, ta ɗaga shi sama ta juya, ta ce, "Ɗiyata, wanga siket na wa na? Ko na ƙanwarki?" Ƙanwar tawa ce kuwa ta gaje shi, tana aji biyu na sakandare. Akwai fatan da ke zuwa da alawus a ciki, musamman na Amurka, don haka ki karanta bayanin naki kafin ki ƙara ko ki ƙi ƙarawa.

Abin da ake ƙarawa: santimita 1.5 a ƙugu da tsakiyar baya, wato ɗan fiye da rabin inci, da santimita 4 a bakin ƙasa don kalmasa. A gefuna ni inci ɗaya cur nake bari, saboda jiki yana hawa yana sauka, bayan azumi daban, bayan haihuwa daban. Gefen da ke kan ninki ba a ƙara masa komai.

Sai batun faɗin yadi. Hoton shimfiɗar da ke cikin mujalla galibi na yadi ne mai faɗin santimita 140, wajen inci 55, atamfa kuwa inci 45 zuwa 47 ce. Kada ki wahalar da kanki da bin hoton. Kibiyar fatan tana cewa tsawon siket ya bi tsawon yadi, amma yawancin zanen atamfa an buga shi ne don a ɗaura shi zane, tsayuwarsa daga baki zuwa baki take. Tunda atamfa ba ta miƙewa, babu laifi ki kwantar da fatan a gicciye, ƙugu ta wajen baki ɗaya, ƙasan siket ta wajen ɗayan. Tsawon inci 41 da alawus ɗinsa yana shiga cikin 45. Sharaɗin shi ne duk ɓangarorin su fuskanci waje ɗaya. Kada ki juya baya ƙafa a sama don tsimin yadi, sai kin sa za ki ga tsuntsayen gaba suna tashi na baya suna faɗowa.

Ki ninka yadin fuska na ciki, iya faɗin da gaban siket ke buƙata, ki ɗora gefen ninki na fatan daidai a kan ninkin. Ki duba wane zane ne ya faɗo a tsakiyar gaba. Baya kuma a kan yadi mai ninki biyu ake yanka shi, ya fito dama da hagu. Ki lura kada wani ƙaton fure ko da'ira ya sauka daidai kan mazaunai, ki ɗan ja fatan sama ko gefe. Ki kafe da fil, ki zagaye takardar da alli, sannan ki auna alawus ki ja layi na biyu a waje. Na wajen za ki yanka. A ƙasa ko a kan tebur ake yanka, yadi a kwance, hannu ɗaya ya danne. A kan katifa layi ba ya miƙewa.

Kafin ki cire takardar, ki mayar da dat da alamomi a bayan yadin, duka ɓangarorin biyu. Ki soka fil a tsinin dat ya ɓullo ta ɗaya gefen, ki ɗiga alli a nan. Biro ba ya fita, kada ki kusanto da shi. Shafi da wannan fatan ɗin ake yanka shi, sai dai ya gaza da inci ɗaya a tsawo.

7. Keke da dat

Ki share keke, musamman in lokacin hunturu ne da ƙura ke shiga ko'ina. Ki ɗiga mai, ki yi ta ɗinki a kan tsumma har man ya daina fitowa. Allura lamba 14 ce ta atamfa, 11 ta shafi, kuma sabuwa. Ki gwada a kan ƙyallen atamfar mai ninki biyu. In zare yana cukurkuɗewa a ƙasa, yawanci laifin zaren sama ne, ki zare shi ki sake sawa ƙafar keke tana ɗage. Tazarar ɗinki matsakaiciya, kamar taki 10 zuwa 12 a inci ɗaya.

Ki fara bin bakin ƙugu da layin ɗinki guda a cikin alawus, don kada ya saki yayin da kike juya aikin. Sai dat: ki ninka, ki haɗa layukan alli biyu, ki ɗinka daga ƙugu zuwa tsini. Taki uku na ƙarshe su bi bakin ninkin sosai kamar za su faɗi. A tsini ba a komawa baya, ki bar zare mai tsawo ki ƙulla da hannu, in ba haka ba wani ɗan ƙulu zai tsaya a wurin. Ki goge dat su kwanta suna kallon tsakiya.

Bakin yadi da aka yanka yana zarewa. In kekenki Butterfly ne ko Singer mai ƙafa da ba ya ɗinkin zigizag, ki kai wa mai injin wibin ya bi miki gefunan, kuɗin kaɗan ne. Yanzu ake kaiwa, kafin a haɗa. In fita ba ta samu ba, ki ɗan kalmashe kowane baki siriri ki bi da keke.

8. Zif

Ki haɗa bayan biyu fuska da fuska, ki ɗinka daga ƙasa zuwa alamar zif, ki koma baya kaɗan ki ƙarfafa. Daga alamar zuwa ƙugu ki rufe da ɗinkin hannu mai faɗi, wanda za a warware daga baya. Ki buɗe alawus ɗin ki goge ya kwanta dama da hagu. Ki kifa zif a kansa ta ciki, haƙoran suna bin tsakiyar ɗinkin daidai, kansa yana ƙasa da bakin ƙugu da kamar inci ɗaya ba kaɗan. Ki riƙe shi da ɗinkin hannu. Na san fil ya fi sauri, amma zif da aka riƙe da fil kaɗai tafiya yake yi a ƙarƙashin keke.

Ki juyo fuskar siket, ki ɗinka daga sama zuwa ƙasa a gefe ɗaya, tazarar rubu'in inci da ɗan ɗori daga tsakiya, ki gicciya a ƙasa, sannan ki sake farowa daga sama a ɗaya gefen. In kika sauka ta nan kika hau ta can, yadin yana murɗewa. Wajen gicciyawa ki juya keke da hannu, don in allura ta sari ƙarfen gindin zif karyewa za ta yi, guntun kuma ido yake nema. Sai ki warware ɗinkin hannun da bakin reza a hankali.

9. Gwaji

Ki haɗa gefuna da ɗinkin hannu ko dogon takin keke, ki sa siket ɗin a daidai, ba a bai-bai ba. Tsayuwa gaban madubi ba gwaji ba ne. Ki zauna a kujera, ki zauna a tabarma, ki yi zaman tahiya, ki taka dokin ƙofa. In layuka sun ja a gicciye a kan hif, ya matse, ki saki daga incin da kika bari. In yadi ya taru a baya ƙasa da ƙugu kamar aljihu, ki zurfafa dat ɗin baya, ko ki rage tsakiyar ƙugun baya da rabin inci. Duk abin da za ki rage ko ki ƙara ki raba shi gefe biyu. In ya zauna, ki bi da keke, ki buɗe alawus ki goge. Kowane ɗinki a goge shi kafin wani ya hau kansa, wannan ne bambancin aikin gida da ke kama da na shago da wanda ake ganewa daga nesa.

10. Shafi da ban

Ki haɗa shafi kamar yadda kika haɗa siket, ki bar wurin zif a buɗe. Dat ɗinsa ba sai an ɗinka ba, ki ninka su kawai a ƙugu. Ki zura shi cikin siket baya da baya, ki haɗa su a ƙugu, ki kalmashe bakinsa a gefen zif ki kama da allurar hannu, nesa kaɗan da haƙora don kada zif ya riƙa cin sa.

Lissafin ban: awon ƙugu, da inci ɗaya na sakewa, da inci ɗaya da rubu'i na inda ƙugiya za ta hau, da inci ɗaya da rubu'i na alawus ɗin kai biyu. Mai ƙugu 30 za ta yanka 33 da rabi. Faɗi inci huɗu da rubu'i, in an ninka aka ɗinka ya koma ɗaya da rabi. Ki manna gam a bayansa. Gefen gam mai kaushi shi ne mai danƙo, shi ke kallon yadi. In kika kifa shi, a gindin dutsen guga zai manne, ki yini kina kankara. Ki ɗora ƙyalle a kai ki danna, ki ɗaga, ki matsa gaba, ba a jan dutse a kan gam. In wuta ta ɗauke kika koma dutsen gawayi, ki busa tokar a waje, ki goge gindinsa da tsumma, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya huda aikin kwana biyu.

Ki ɗora ban a ƙugu fuska da fuska, rarar ƙugiya ta fito ta gefe ɗaya na zif. Ki kafe tsakiya da gefuna tukuna, sannan tsakaninsu. Ki ɗinka, ki rage kaurin alawus da almakashi, ki rufe kawunan biyu ta ciki, ki juyo, ki fito da kusurwa da bakin fensir. Sai ki kalmashe ɗaya bakin ta ciki ya rufe ɗinkin, ki kama da hannu ko ki bi ta waje da keke daidai cikin ramin ɗinkin farko. Ki ja zif ki duba ko kafaɗun ban biyu sun yi daidai kafin ki ɗinka ƙugiya.

11. Kalmasa

Ki rataye siket ɗin ya kwana, saboda gefunan da suka buɗe suna ɗan saki. Washegari ki sa shi da takalmin da za ki riƙa fita da shi, ki tsaya a daɓen da ba tudu ba kwari, wata ta durƙusa da rula tana aunawa daga ƙasa zuwa sama tana sa fil zagaye. Daga ƙasa ake auna kalmasa, ba daga ƙugu ba, domin mai mazaunai bayanta yana ɗage siket, in an bi takarda sai baya ya fi gaba gajarta.

Ki ninka santimita ɗaya ki goge, ki sake ninka uku ki goge, ki ɗinka kusa da bakin ninkin. In siket ɗin ya buɗe sosai, kalmasa mai faɗi za ta yi ta tattarewa, ki rage ta zuwa rabin inci sau biyu. Ta shafi siririya ake yi, kuma ki tabbata bai leƙo ba. Ki yanke zarurrukan da ke reto, ki goge alli da ɗanyen tsumma, ki yi gugar ƙarshe ta bayan yadi.

Takardar da kika kwafa kuwa, ki rubuta a jikinta duk gyaran da kika yi wajen gwaji, da kwanan wata da awonki na ranar, ki naɗe ta ki ɗaure da ƙyallen atamfar, ki sa a ƙasan akwati inda ɓera da gara ba sa kaiwa.